Tarbiyyar Indiya a Silver Spring

Abin ya faro ne daga wani dattijo, abokin marigayi mahaifin maigidana, da ya zo taro a College Park ya ce ba zai koma Kano ba sai ya leƙo mu. Lokacin muna zaune a Amurka, a Silver Spring, ba nisa da wurin taron, a wani dogon bene, gida mai ɗaki biyu da falo, irin wanda in kika soya albasa sai duk hawan ya sani. Na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka, na turare falo, na ja wa kowa kunne. Dattijo ya yi sallama ya shigo, babbar rigarsa ta sha bugu. 'Yata, wadda ta kusa sha uku a lokacin, tana kwance a doguwar kujera, ƙafa ɗaya a sama, rimot a kan ciki. Ta ɗaga masa yatsu biyu ta ce, "Hai."

Dattijo ya waiwaya ya ga ko akwai wani sa'anta da ya biyo shi a baya. Babu kowa. Ya zauna ya ci tuwonsa har da ƙari, ya sa mana albarka, ya tafi. Maigidana ya ce ai ga shi nan, bai ɗauki abin da zafi ba. Ni kuwa na san mutanenmu. Dattijon da ya ga irin wannan ya yi shiru, ajiye maganar ya yi a aljihu sai ya isa inda za ta yi amfani.

Ba a jima ba Hajiya ta bugo waya. Hajiya ita ce mahaifiyar maigidana, sunanta kuma yarinyar ta ci, shi ya sa uban ba ya kiranta komai sai Mamana. Hajiya ba ta ɗaga murya, da tana ɗagawa da abin ya zo da sauƙi. Cikin natsuwa ta ce ta samu labarin takwararta tana gaida manya da yatsu kamar mai tsai da ɗan acaɓa. Ta ce in an yi dogon hutu za ta zo ta gani da idonta. In ta tarar haka ne, da takwara za ta koma, ta sa ta makaranta a Kano, ta zauna a gabanta har ta zama mutum.

Maigidana injiniya ne, a wurin aiki yakan ja da Bature har Baturen ya gaji. Amma in Hajiya ce a waya, a durƙushe yake amsawa, a tsakiyar falo, sai ka ce tana ganinsa. Abin da na ji kawai shi ne, "To Hajiya. Haka ne Hajiya. Allah ya kawo ki lafiya." Ya ajiye waya ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya kasa haɗa ido da ni.

Na tsorata, ba da wasa ba. Na san gidaje a nan Maryland da aka kwashe musu yara da irin wannan magana mai sanyi, uwa ta koma zama da katin waya a hannu tana tunanin ko sun tashi daga barci a can. Ba na son in shiga sahunsu. Yarinyar nan, da rashin jinta da tsiwarta, ita ce abokiyar hirata a ƙasar da ba ni da uwa ba ni da ƙanwa.

Na fara da hanyar da kowa ya sani. Na tsayar da ita a falo na ce ta durƙusa ta gaishe ni. Ta tambaye ni dalili, da Turanci, don Hausa tana jin ta sarai amma ba ta mayarwa. Na ce haka ake yi. Ta ce malamarsu ta ce duk mutane daidai suke. Na ce malamarku ba ta san Hajiya ba. Da ƙyar ta yarda ta gwada, ta dafa ƙasa da hannu biyu ta ɗaga baya sama kamar mai jiran a busa usur ta ruga. Na ce ba haka ba. Ta ce gwiwarta na ciwo. Yarinyar da ke yini tana buga ƙwallo, sai ranar gwiwa ta tuna da ita. Muka rabu kowa na huci.

Ina wanke-wanke ina saƙawa ina kwancewa, sai na tambayi kaina, ni wa ya sa mini tsoron ɓacin ran iyaye a zuciya? Bulalar Inna ta yi nata, malamin Islamiyya ya yi nasa. Amma in za a faɗi gaskiya, fim ɗin Indiya ma ya yi aiki. A layinmu gidan wani maƙwabci ne kaɗai ke da bidiyo, mukan cika masa tabarma har bakin ƙofa. Ba mai jin Indiyanci ko kalma ɗaya, ba kuma wanda abin ya dama, don kullum akwai wata yaya da ke fassara mana da ƙarfin hali, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba tunda babu mai iya kamawa. A can na fara ganin ƙato da gashin baki, wanda ya gama lallasa 'yan daba, yana rusa kuka don uwarsa ta juya masa baya. Mu a wurinmu Indiyawa 'yan'uwa ne da suka ɗan yi nisa. Ga kunya, ga mayafi, ga biyayya, sai dai yawan rawa.

To ga Ba'indiya a ƙofar da ke kallon tawa. Anti muke ce mata, don su ma kowace mace anti ce a bakin yaransu, kamar mu. A kantin magani take aiki, tana da 'ya ɗaya, ajinsu guda da tawa. Ranar da muka fara haɗuwa a lifta na zube mata duk gaisuwar da na tara daga fim tun ina yarinya, ina murmushi ina jiran ta rungume ni. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ita 'yar kudancin Indiya ce, yarensu daban, in tana kallon waɗannan finafinan rubutun ƙasa take karantawa kamar kowa. Wando ne a jikinta da takalmin gudu, tana sauri kada bas ta wuce ta. Na ji kamar an cuce ni, amma muka zama ƙawaye.

Na ƙwanƙwasa mata na zayyana damuwata. Ta dafe kai ta ce ita ma surukarta can Indiya ta hana ta sakat, wai jikarta ba ta iya komai ba sai taunar cingam. Muka shiga bas sai wani kantin Indiyawa ta wajen Takoma Park, inda shinkafa da kayan yaji ke gaba, faya-fayan fim ke baya. Na fara yi wa mai kantin bayani, na ce ina son irin wanda aka haifi yaro a waje, ya lalace, aka kai shi gida. Bai bari na ƙarasa ba. Ya nuna mini kanta guda daga sama har ƙasa, ya ce iyaye duk nan suke tsayawa.

Wanda bai san irin waɗannan finafinan ba, ga yadda suke. Akwai uba attajiri a Landan ko a nan Amurka, gidansa ya fi asibiti girma, amma kullum fuska a murtuke, yana tsaye a taga yana tuna ƙauyensu. Akwai 'yarsa da aka haifa a waje, siket ɗinta bai fi hankici ba, tana shigowa ba sallama, tana amsa wa uba da kafaɗa. Sai wani dalili ya kai su gida, biki ko rashin lafiya. Yarinya ta sauka tana toshe hanci tana neman ruwan gora. Sai a yi ruwan sama. Ban san abin da ke cikin ruwan saman Indiya ba, amma da zarar ya taɓa ta shi ke nan. Za ta fito da mayafi a ka, ta iya girki, ta iya yaren da ba ta taɓa koya ba, ta sunkuya ta taɓa ƙafar tsohuwa, kowa ya fashe da kuka, sannan gari duka ya fito rawa.

Muka buɗe makaranta. Kowace Asabar, in 'yata ta dawo daga Islamiyya, sai falon Anti. Ita ta soya samosa, ni in kawo ƙosai, mu zaunar da yaran a gaba, mu koma baya muna gadi. Nan aka gane waye malami. Anti tana fama da rubutun ƙasa, ni kuwa tun kafin mutum ya buɗe baki na faɗi abin da zai ce. "Wannan mai baƙin tabarau mugu ne, ku sa masa ido. Wannan tsohuwar kuma ba za ta kai ƙarshe ba." Anti ta ce ta yaya na sani. Na ce an cika nuno ta tana dariya. Kafin a je rabi tsohuwa ta dafe ƙirji ta sulale. Daga ranar Anti ta daina musu da ni a kan ƙasarta.

Sai dai ita kanta Anti haushi finafinan suke ba ta, ko da yake ta fi kowa jiƙa hankici. Takan ce, "Dubi gidan da suka ba uban nan. Ni da ƙafata ta ƙare a tsayuwar kantin magani, ina nawa benen mai matattakala biyu? Kuma wa ya gaya musu a taga muke yini? Ina muka ga lokacin?" Ta ce in ta je gida 'yan'uwanta kallon matar cikin fim suke mata, sun ɗauka ta manta addu'a, ta manta cin abinci da hannu. In ta dawo nan kuma abokan aiki su tambaye ta ko ta iya rawar nan da ake karkaɗa wuya. Ta ce duk inda ta je sai ta tarar fim ya riga ta isa.

'Yar Anti ce ta fara tawaye. Ana tsaka da kallo ta tsayar da fim, ta juyo ta tambaye mu me ya sa kullum wadda aka haifa a nan ce marar kunya. Ta ce ita tana wanke kwanoni, tana cin jarrabawa, ba ta taɓa shan komai ba sai lemo, amma a kowane fim ita ake kaiwa a gyara kamar mota. Ta ce 'yan'uwanta na can da take gani a hoto sun fi ta ɗamammun kaya. Yarinya ta shige ɗaki, mako na zagayowa ta yanke gashinta iya kunne. Anti ta ce da ni, "Kin ga sakamakon makarantarki."

Na ce a bari a ga tawa. Tawa da farko dariya take, tana ƙirga sau nawa jaruma ta sake kaya a waƙa ɗaya. Daga baya ta daina dariya. Ta matsa kusa da talabijin, ƙosai na hucewa a hannunta. Sai ga ta tana ɗaukar gyalena tana yafawa a ka a cikin gida, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata safiya ta kawo wa ubanta shayi a faranti, kai a ƙasa, ta ja da baya ta tsaya a jikin labule. Ya dubi shayin, ya dube ta, ya ce, "Mamana, me kika fasa?" Ni kuwa a kicin har da 'yar rawata. Durƙuson ne kawai ban sake gwada ta ba, don ta ce in bar mata, ta san abin da za ta yi.

Ranar zuwan Hajiya muka tafi filin jirgi can Virginia. Jirginta ya sauka kusan tare da wani da ya kwaso mutanen su Anti, wurin jira ya cika da Indiyawa da furanni. Sai ga jerin tsofaffi a keken guragu, nasu da namu, ana turo su. Hajiya da ƙafarta take zuwa kasuwar Rimi ta dawo, amma ɗanta ya ce a turo ta, ita kuma ta hakimce tana duba jama'a.

Maigidana ya zube, na zube a gefensa. 'Yata ba ta zube ba. Ta gyara gyale, ta tako a hankali, ido ya ciko da ƙwalla, ta sunkuya ta kama ƙafafun Hajiya da hannu biyu, ta shafa, ta kai hannun goshi, ta kai ƙirji. Sannan ta tsaya a sunkuye ta miƙa kai tana jiran a dafa.

Hajiya ta janye ƙafa ta leƙa ƙasa. "Me ya faɗi? Ɗan kunnenta ne?"

Yarinya ta sake kai hannu.

"Ke takwara, sakar mini ƙafa. Kumburin zaman jirgi ne, zai sauka." Ta juyo wurina. "Ko likitanci take koyo?"

Na ce, "Gaisuwa ce, Hajiya."

"Ta wace ƙasa?"

Kafin in samo amsa, wani tsoho Ba'indiye da ke keken kusa ya fara tafa hannu a hankali. Ya finciko jikansa, wani zabgegen saurayi mai abin jin waƙa a kunne, yana nuna masa 'yata yana zazzaga masa faɗa da yarensu. Matan wurin suna ta kaɗa kai suna mini murmushi, wata har ta zo ta riƙe hannuna. A iya zamana a Amurka ba a taɓa yaba tarbiyyata haka ba, sai dai ba daga bakin wadda nake nema ba. Hajiya ta ce a tura ta mota.

Muna isa gida na riga kowa hawa, Allah ya taimake ni. Ina buɗe ƙofa na tarar da farantina na baƙi a ƙasa, an ɗora kyandir mai ƙamshi da 'yar shinkafa da furen roba, ga ashana a gefe. Nan take na gane aikin 'yata ne. A fim haka ake tarbar babban baƙo, a kunna wuta a zagaya fuskarsa da ita. Na hango Hajiya ana zagaya mata wuta a fuska, na hango ana ɗaure akwatin yarinyar. Na sure farantin ke nan sai ga su sun fito daga lifta. Hajiya ta dubi kyandir ta tambaya na mene ne. Na ce saboda ko za a ɗauke wuta. Fuskarta ta saki a karon farko. Ta ce, "Ashe nan ma ana ɗaukewa. To me ake yi mana fankama?"

Abin da na kasa a wata da watanni, Hajiya ta gama shi a safiya ɗaya. Yarinya ta zo gaishe ta a tsaye, Hajiya ta ci gaba da jan carbi. Ta ɗan rusuna, Hajiya ta ce kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin magana daga sama. Ta ƙara yin ƙasa, Hajiya ta ce ta fara jiyo wani abu. Sai da gwiwa ta taɓa kafet sannan kunnen ya buɗe, aka amsa mata da fara'a har da tambayar ya ta kwana. Ba wanda ya kawo maganar malamarsu.

Asabar na zuwa asirina ya tonu, don Anti ta ƙwanƙwaso mana da samosa da faifai a hannu. Na so in kore ta da ido. Hajiya ta karɓi faifan ta jujjuya shi, ta ce a sa. Ashe tsohuwar gwana ce. Ba a yi nisa ba ta ƙwace fassarar daga hannuna, kuma tata ta fi tawa yaji. Ta wanke uban cikin fim ɗin tas, ta ce shi ya kwaso yara ya kawo su ƙasar mutane, sannan ya tsaya a taga yana jin haushin sun yi kama da mutanen ƙasar. Tana faɗa tana kallon ɗanta, shi kuma ya tuna ya bar wani abu a mota. Ita da Anti ba mai jin wata, amma a wuri ɗaya suke kuka, a wuri ɗaya suke tsaki. Takwara tana zaune a ƙasa ta jingina da kujerar Hajiya, tana mata tambayoyi da gurguwar Hausarta, ko a Kano ma ana kwana a tsakar gida, ko ɗakin da aka haifi babanta yana nan.

Da tafiya ta matso, Hajiya ta tara mu bayan la'asar. Ta ce ta gani. Ta ce yarinya tana da hankali, tana da tausayi, ɗan taɓin Indiya ne kawai, shi ma ta ga inda ta gado shi. Ta ce wancan dattijon dama tun yana saurayi bakinsa ba ya shiru. Takwara ta ci gaba da zamanta a gaban iyayenta. Na shiga jero godiya, har na fara tunanin abin da zan dafa wa Anti.

Sai yarinyar ta taso daga inda take, ta durƙusa a gaban Hajiya yadda ake yi, ta ce da Hausa, tana tsintar kalmomin ɗaya-ɗaya, "Hajiya, ni ina so zan bi ki."

Na yi dariya, na ɗauka wani fim ɗin ne kuma. Ita ba ta yi ba. Hajiya ta ce ita ba ta roƙa ba, ba kuma za ta hana ba, magana tana hannun iyaye. Uban ya ɗaga kai yana duba silin.

Daga ranar na juya makaranta. Ni da na gama tallar gida, na koma ina kushe shi da bakina. Na ce a Kano babu mai fita rawa a ruwan sama, kwata ce ke cika, mata su tattare zani su gudu. Na kawo sauro, na kawo zafi, na kawo ɗauke wuta na gaske, na kawo bulalar makaranta. Har Anti na ɗauko ta ba da shaida. Ta zaunar da ita ta ce, "'Yata, finafinan nan ba don ku ake yin su ba. Don mu ne da muka baro gida, mu kalla, mu yi kuka, mu tashi mu tafi aiki. Ni da aka haifa a can, in na je yanzu baƙuwa ce." 'Yar Anti ma ta sa baki, ta ce kada ta yarda a kai ta gareji.

Yarinyar ta saurare mu duka. Da muka rage ni da ita a kicin ta ce mini da Turanci, a hankali, ta san ba rawa ake yi ba, ita ba ƙaramar yarinya ba ce. Ta ce tun tasowarta komai na ɗauko sai in ce a gida ba haka ake yi ba, a gida tumatir ya fi wannan, a gida da tuni maƙwabta sun shigo. Ta ce ni da ubanta mun san wurin da muke magana a kai, ita kaɗai ce ba ta sani ba, zuwa ɗayan da aka yi da ita tana goye. Ta ce a fim ɗin, ko da ƙarya ne, ai ana kai yarinyar ta gani. Na ce ta miƙo mini murfin tukunya.

Uban ya yanke magana, ya ce shekara ɗaya, ta gani ta dawo.

Ranar tafiya muka koma filin jirgin. An zaunar da Hajiya a keke, an auna akwatuna, muka zo inda masu rakiya ke tsayawa. Yarinyar ta gama sallama da ubanta, ta juyo ta tsaya a gabana, hannuwa a ɗan buɗe. Na san abin da take jira. Amma 'yar fari ce, ga uwar mijina zaune tana kallo. A inda na taso uwa ba ta rungumar ɗan fari a gaban surukai, ko sunansa ba ta kamawa, in an yi maganarsa ma kau da kai take. A cikin gida, mu kaɗai, na daɗe da watsar da wannan. A gaban Hajiya jikina ya ƙi. Na dubi gefe na ce, "To. A riƙa sallah a kan lokaci. Ban da rashin ji."

Ta tsaya tana kallona. Hannuwan suka fara sauka.

Sai Hajiya ta ce wa ɗanta, "Kai, juya ni wajen haske, ban ga goron da na sa a jaka ba. Zo ka taya ni dubawa." Ya juya keken, bayanta ya koma gare mu. Ta zuge jaka ta tura kai ciki, ta fara fito da kaya ɗaya-ɗaya tana miƙa masa: carbi, man zafi, hankici, wani carbin.

Na jawo 'yata na ƙanƙame ta. Na kira sunanta a kunnenta, na yi kuka a gaban Turawa da baƙaƙe da kowa, ban damu ba. Hajiya ba ta ɗago ba sai da ta ji na fyace hanci. Sannan ta mayar da kayanta, ta zuge jaka, ta ce goron bai zo ba, a tafi kawai.

Shekara ɗaya aka ce. A Kano ta gama sakandare.